Ashe Wapa sunan silima ne?

Ɗan Canji:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau na sha kunya a kasuwa. Shekarata bakwai ina zama a shagon yayana a Wapa, kullum bakina dala nawa, riyal nawa. Ɗazu wani dattijo ya zo canjin riyal zai tafi Umara, ana ƙirga masa kuɗi yana ta waige-waige, can ya ce da ni, "Yaro, a unguwar nan na fara ganin doki yana sukuwa a jikin bango." Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Ashe wai Wapa sunan gidan silima ne. Ni a zatona sunan wani Bature ne ko wani tsohon mai unguwa. Manyanmu, a ba mu labari. Me ake nunawa a ciki, kuma me ya kashe ta?

Abba Fagge:
Hhhh. Kana cin abinci da suna ba ka san mai sunan ba. Allah ya shirye ka.

Ticha:
Wa alaikumus salam. Ba kai kaɗai ba ne, ko ɗalibaina na aji shida haka za su ce. Sunan ya samo asali ne daga WAPA, gajeren sunan kamfanin jigilar alhazan Afirka ta Yamma da Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa suka kafa tun zamanin Turawa, silimar ma sunansa ta ci. Harkar silima kuwa kusan duk a hannun Kwara take a lokacin, mutanen Lebanon, waɗanda Kantin Kwari ma sunansu ya ci.

Abin lura shi ne inda aka ajiye ta. A 1937 aka buɗe gidan silima na farko a Kano, kuma ba a cikin ganuwa ba. Birni na Sarki ne da malamai. Duk abin da birni ba zai ɗauka ba, giya ce, gidan rawa ne, otal ne, sai a tura shi waje, wato Sabon Gari da kewayenta. Fagge kuwa tana tsakani. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso a 1911 zangon baƙi ce, nan ayarin Azbinawa ke sauke raƙuma. To silima ta sami wurin zama daidai ita: ba ta shiga birni ba, amma ɗan birni zai iya fitowa ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai bayan isha'i ya kalla ya koma da ƙafa.

Abba Fagge:
Ya koma ya tarar an sa sakata a zaure. Babanmu ya ce sau biyu yana kwana a rumfar mai shayi saboda haka.

Ɗan Canji:
Ticha, to majigi fa? Kakata komai majigi take ce masa, har wayata.

Ticha:
Daban ne. Majigi na gwamnati ne, kyauta, mota ce ke zuwa da shi a kafa farin ƙyalle a ƙofar hakimi ko a fili, a nuna tsafta da noman gyaɗa da rigakafi da rangadin manya, da mai sharhi yana bayani da Hausa. Uba zai bar ɗansa ya je majigi har ya ba shi tabarma. Silima kuwa kuɗi ake biya, da daddare ake yi, kuma waje take. Bulala ke jiran wanda aka gani a layin tikiti.

Baba Afareta:
Jikana ne ya nuna mini maganar nan, ya ce in sa baki. Ina faɗa yana rubutawa, in kun ga kuskure nasa ne.

Ni ba a Wapa na yi aiki ba, amma na shiga ta a matsayin ɗan kallo ba sau ɗaya ba. Inda na yi aiki wata ce can gefen gari, da aka gina ta gonaki ne a bayanta. Ba zan kama sunanta ba saboda abin da ya faru a ƙarshe. Na fara da share benci da ɗaukar allon fasta ina zagaya unguwa, na gama ina ɗakin inji. Shekara ashirin da 'yan kai.

Ku yaran yanzu kun ɗauka danna maɓalli ake yi. Fim yana zuwa ne a gwangwanaye, faifai-faifai, kowane faifai kamar minti ashirin. Fim ɗin Indiya na awa uku sai ka ga faifai takwas ko tara. Inji biyu ne a ɗakin, ɗaya na juyawa kana ɗaura wa ɗayan. Idan faifai ya kusa ƙarewa akwai ɗan ɗigo da ke bayyana a kusurwar sama ta dama, yana fitowa ka tada inji na biyu, ya sake fitowa ka juya haske. In ka iya, babu wanda zai san an canza. In ka yi gyangyaɗi, allo ya yi fari fat, to ranar uwarka da ubanka sai sun sha ambato daga mutum ɗari biyar.

Hasken kuma ba ƙwan lantarki ba ne. Sanduna biyu ne na kabon, wuta na tsalle a tsakaninsu, suna ci suna gajercewa kana matso da su. Zafin ɗakin nan a watan bazara, daga kai sai gajeren wando.

Abba Fagge:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Gaskiya ne wai gida biyu kan nuna fim ɗaya a dare ɗaya?

Baba Afareta:
Ƙwarai, ɗana. Kwafi ɗaya ne ya shigo gari, kowa na so. Sai wancan gida ya riga mu farawa, faifai na ƙarewa yaro ya ɗaura a keke ya taho mana da shi. Ranar da taya ta yi faci sai mu kunna waƙa mu yi ta addu'a.

Kuma gidanmu ba rufi sai kan kujerun masu kuɗi a baya. Talaka yana gaba a kan benci, sama ce rufinsa. Shi ya sa ba a farawa sai duhu ya yi. Da damina hadari na tasowa ka ga mutane sun ɗora riga a ka, ba mai tashi, wai sai sun ga ƙarshen bos.

Sani Mai Shayi:
Baba ya tuna mini. Akta da bos! Mu ba mu san sunan kowa ba sai wanda muka raɗa masa. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Ba ma jin Indiyanci amma mu fito mu ba da labarin tiryan-tiryan, har da abin da uwar akta ta ce tana kuka. Ranar Canis kuma in an tashi kowa ya zama ɗan kareti a hanya, sai ka ga yara na dukan iska har gida.

Abu Sumayya:
Ku yi haƙuri zan ɓata muku daɗin hira. Ana ta yabo kamar wurin alheri ne. Ƙofar silima matattarar 'yan daba ce da masu shaye-shaye da mata masu zaman kansu, kowa ya sani. Iyayen da suka hana 'ya'yansu ba wawaye ba ne. Kuma ba a ambaci gobarar silimar El Duniya ba. Amsar tambayar Ɗan Canji a gurguje ita ce Shari'a ta zo a 2000 ta rufe su, alhamdu lillahi.

Ticha:
Malam, El Duniya dole a ambace ta, amma a faɗe ta yadda ta faru. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi ana tsakiyar kallo. Mutum 331 suka rasu cikin kimanin 600 da ke ciki. Binciken da gwamnati ta yi ya nuna daga ɗakin inji wutar ta fara, fim ne ya kama, ta bi rufi, mutane suka turmutsu a ƙofa. A gari kuwa fassara ta yi yawa, aka ce azaba ce, har jita-jita ta bazu a kan abin da wai aka nuna a daren. Wannan tabon bai bar silima a Kano ba har ta mutu.

Baba Afareta:
Allah ya jiƙansu. Lokacin ina goye. Amma wanda ya koya mini aiki ya yi zamani da irin wancan fim ɗin, kuma har ya bar duniya ba ya yarda a shiga ɗakin inji da ashana. Fim ɗin da ake yi a da, da wani sinadari ake yin sa mai ci kamar fetur, in ya kama ko a ruwa ka tsoma shi ba ya mutuwa. Ga shi yana wucewa dab da wutar kabon. In ya maƙale na ɗan lokaci kaɗan, shi ke nan. A daidai shekarun nan ne ma kamfanoni suka daina yin sa suka koma wanda ba ya ci da wuta, sai dai ya narke. Wanda na yi aiki da shi in ya maƙale sai ku ga tabo ya buɗe a tsakiyar allo kamar an ɗiga wa leda garwashi, mu yanke mu liƙa mu ci gaba.

Ni ban ce babu hukuncin Allah ba, Malam. Komai da izininsa. Amma ƙofa ma a yi ta da faɗi, kuma ta buɗe waje.

Abu Sumayya:
Na karɓi wannan, Baba, Allah ya ƙara girma. Amma maganata ta rufewa tana nan.

Ticha:
Ita ce ban yarda da ita ba. Da adawar malamai ke kashe silima da tun tuni ta mutu. A farkon shekarun 1950 aka buɗe Palace a cikin birni, a Jakara, kusa da Kurmi, gobarar El Duniya ko hucewa ba ta yi a zukatan mutane ba. An yi adawa mai zafi, amma aka buɗe, aka kuma yi ta shiga shekara da shekaru kafin wurin ya koma asibiti. Bayanta ga Plaza, ga Orion, ga El Dorado, ga Marhaba. Duk a cikin wa'azin aka gina su, a cikin wa'azin suke cika.

Eh, da Shari'a ta zo a 2000 gwamnati ta taka wa harkar fim burki, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai, aka gindaya sharuɗɗa. Amma mara lafiya ta tarar a kwance.

Baba Afareta:
Ticha ya faɗi gaskiya. Ni na ga ciwon da idona, bari in gaya muku yadda ya fara.

Mu haya muke ɗauko fim, masu shigo da shi kuma da kuɗin waje suke saye. Akwai lokacin da naira ta fi dalar Amurka daraja, wanda bai gani ba zai ce ƙarya ne. A 1986, zamanin Babangida, aka saki naira, kafin ka ce kwabo dala ɗaya ta koma wajen naira huɗu, kuma ba ta tsaya ba. Sabon fim ya gagara. Sandar kabon daga waje, kayan gyaran inji daga waje. Kai kuma ba ka isa ka ninka kuɗin tikiti sau huɗu ba, don masu zaman bencin nan 'yan dako ne da 'yan ga-ruwa da yaran mota. Sai muka koma maimaita tsofaffi. Kwafi ya tsufa, duk ya yi zane kamar ana ruwan sama a allo, an yanke an liƙa har waƙa ta rasa rabinta. Mutum ya ga fim sau bakwai, ya san inda aka cire, ya miƙe yana nuna tagar ɗakina yana zagi.

Ana cikin haka bidiyo ta shigo. Wani ya sayi talabijin da bidiyo da ɗan janareto ya sa a zaure, yara su biya ɗan abin da bai kai rabin namu ba, a unguwarsu, ba tafiyar dare. Mu muna da ma'aikata goma sha, shi daga shi sai ƙaninsa.

Maman Ilham:
Tun ɗazu nake karantawa ina dariya. Duk maza ne ke kukan rashin silima. Baba, da girmanka, mace nawa ka taɓa gani a bencin nan?

Baba Afareta:
'Yata, kin kama ni. Ƙalilan, kuma kin san sunan da ake kiransu da shi.

Maman Ilham:
To ka gani. Ni a Fagge aka haife ni, na girma ina jin waƙar Indiya tana tsallako katanga da daddare, ban taɓa sanin kalar ƙofar ba. Yayyena maza su je su dawo su ba mu labari, mu biya su da wankin kaya. Mu talabijin ce silimarmu, ranar da za a sa Indiya gidan mai talabijin ya cika da matan layi har tsakar gida. Da bidiyo ta zo kuwa, a ɗakin amarya ake jera ta cikin kayan gara. Abin da Baba ke kira ciwo, mu a wurinmu ƙofa ce ta buɗe. Kasuwar da ta rufe wa rabin gari ƙofa, ranar da kaya ya iso wa rabin nan har ɗaka, me kuke jira ya faru?

Kuma ku duba wa ya riƙe finafinan Hausa da aka fara a kaset daga 1990. Mu ne muke aiken yara su karɓo haya.

Sani Mai Shayi:
Hajiya ta zo da zafinta. Amma fa finafinan Hausan sun ɗan tashi gidajen daga suma. Na tuna da sallah ana kai sabon fim silima kafin a sake shi a kaset, layi har titi.

Baba Afareta:
An yi haka. Sai dai ba da injina ba. Wata 'yar na'ura aka kawo mai haska kaset a bango, hoton ya yi dishi-dishi, yaro ɗan shekara goma sha biyar ma zai kunna. Injinan nan biyu aka lulluɓe su da buhu. Ina zuwa ina share su duk da ba a ce in yi ba. Kuma cikar ta sallah ce da 'yan makonni, sauran shekara benci ne ke kallon benci.

Ƙarshenmu ba hukuma ce ta zo da kwaɗo ba. Mai gidan ya rasu, magada suka zauna suka yi lissafi. Gonakin da ke bayanmu duk sun zama gidaje, titi ya zo, filin ya yi tsada. Aka ce in an yanka shi shaguna, hayar shekara ɗaya ta fi abin da tikiti zai kawo a shekara biyar. Ban ga laifinsu a lissafin ba. Laifinsu ɗaya, albashin wata huɗu da ba su ba mu ba har yau. Injinan kuma 'yan gwangwan aka sayar wa, a kilo.

Abu Sumayya:
Wannan zalunci ne, Baba, ko a ina aka yi shi. Haƙƙin ma'aikaci ba ya faɗuwa don sana'ar ba ta yi mini ba. Amma ina nan a kan cewa unguwa ta fi zama lafiya da shaguna.

Abba Fagge:
Malam, 'yan daban da aka rufe silima ritaya suka yi?

Abu Sumayya:
Ban ce haka ba. Na ce an rage musu mahaɗa guda.

Ɗan Maraɗi:
Sallama daga Nijar. Labarin ga kamar a garinmu aka yi shi. Mu ma muna da gidajen sinima marasa rufi, Indiya da kareti, duk sun mutu. Namu bugun ya zo a Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya. Abin da kake saye daga waje ya ninka, ga bidiyo ta cika gari, kaset ɗin ma daga Kano ake kawo muna. Ba a yi dokar Shari'a a Nijar ba, amma sinimar ta tafi. Ni ma in na zo Kano sayen kaya Wapa nika canza kuɗɗina, ban taɓa sanin wurin kallo ba ne.

Ticha:
Madalla da wannan shaida. Ɗan Canji, ka lura da wani abu kuwa? Canjin kuɗi daɗaɗɗe ne a Fagge saboda baƙi da alhazai. Amma bunƙasar da ya yi har ya haɗiye unguwa, bayan faɗuwar naira ne, musamman da gwamnati ta fara ba da lasin shagunan canji a 1989. Tashin dalar da ya hana su Baba samun sabon fim, shi ne ya buɗe shagon yayanka.

Ɗan Canji:
Ticha don Allah kar ka ɗora mini alhakin Baba, ni a 1989 ko auren iyayena ba a yi ba.

Baba Afareta:
Na yafe maka, jikana. In na zo canji dai ka yi mini farashin gida.

Ummi:
Ni abin da ban gane ba, ai an buɗe silima ta zamani a Kano, mun sha zuwa ta Ado Bayero Mall da ƙawayena, da rana, da sanyin na'ura, ba wanda ya kalle mu. Ashe ba mutuwa ta yi ba, wanka ta yi.

Sani Mai Shayi:
Ƙanwata, kuɗin gugguru kaɗai a can ya fi cinikina na safe. Waccan ta masu mota ce. Wadda ake magana ta ɗan dako ce da ya sauke kaya a Kwari ya wanke ƙafa ya shiga. Shi yanzu gidan ƙwallo yake zuwa, ko ya tura fassarar Indiya a waya ya kwanta da ita.

Maman Ilham:
Ita dai Ummi ta shiga, ni ban shiga ba. A bar ta ta ji daɗinta.

Abu Sumayya:
Kuma kar a ce adawa ba ta da tasiri. A 2016 da aka so gina ƙauyen fim a Kofa, jama'a da malamai suka ce a'a, aka fasa.

Ticha:
Wannan gaskiya ne, Malam. Hana abin da ba a gina ba ya fi sauƙi a kan rufe wanda ke kawo kuɗi. Palace tana kawo kuɗi ta tsaya. Gidan su Baba ya daina kawowa, ba wanda ya yi masa wa'azi ya faɗi.

Ɗan Canji:
To ni yanzu roƙona ɗaya. Akwai mai hoton Wapa lokacin tana silima? Ko tikiti, ko fasta? Ina so in buga in rataye a shago, duk wanda ya zo canji ya gani.

Abba Fagge:
Wa zai ɗauki hoto a inda yake ɓuya kar a gan shi? Sai dai a gwada tsofaffin masu hoto na Sabon Gari.

Baba Afareta:
Hoto ba ni da shi. Abin da na fita da shi ranar da aka kwashe injina, almakashin da nake yanka fim da shi, da ragowar sandar kabon guda uku, da wani guntun fim kamar kamu ɗaya da na yanke daga wata waƙa don ya yi zane. Suna cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. In ka ɗaga guntun a rana za ka ga yarinyar tana ɗaga hannu kaɗan-kaɗan, hoto ashirin da huɗu kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Ka zo ranar Juma'a bayan la'asar ka gani, jikana zai tura maka kwatance. Ka taho da goro, fari.

Ɗan Canji:
In sha Allahu Baba. Ticha, za ka raka ni?

Ticha:
Ka biyo ta makaranta ka ɗauke ni. Zan taho da rikoda.